Shin ya dace a kai yaran firamare kallon baje-kolin zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello?

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke Sabon Garin Zariya, kuma ina da niyyar kai ɗalibaina Samaru domin su ga ayyukan da ɗaliban sashen zane da sassaƙa suke bajewa a ƙarshen karatunsu. Wasu iyaye sun nuna damuwa game da mutum-mutumin da ke harabar sashen, wasu kuma suna ganin ɓata lokaci ne. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su ba ni shawara kan abin da yaro zai ƙaru da shi.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kai su, domin wannan sashe ya girmi jami'ar kanta. An kawo shi Zariya daga Ibadan a 1955, alhali ba a kafa jami'ar ba sai a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a Najeriya. Matsayarsu ita ce su karɓi dabarun aiki daga malamansu Turawa, amma abin da za su zana su ɗebo shi daga gida. Shi ya sa Okeke ya koma ga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya kuma ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Abin takaici ne a ce ana karanta wannan tarihi a Legas da Landan, yaron da aka haifa a Tudun Wada bai taɓa jin sa ba.

Dattijon Ƙofar Doka:
'Yata, kada ki raina damuwar iyayen, domin maganar surar mai rai magana ce ta addini, kuma kowane uba yana da haƙƙin a gaya masa abin da ɗansa zai gani. Shawarata ita ce ki rubuta wa shugaban sashe takarda tun da wuri, ki nemi a haɗa ku da malamin da zai zagaya da ku, sannan ki fara da sashen da ake koyar da saƙa da rini da ginin tukwane. Yaron da ya tsaya ya ga curin yumɓu yana juyawa a kan faifai, yana tashi tsakanin tafukan ɗalibi har ya zama tulu, ba zai manta ba. A nan sai ki fito da takardar naira ashirin ki nuna musu Ladi Kwali, maginar tukwanen da wannan jami'a ta ba digirin girmamawa a 1977.

Mai Zanen Alluna:
Na yarda da Baba, sai dai ina ganin akwai gyara a ɓangaren masu shirya irin wannan baje-koli. Bayanin da ake liƙawa a gefen kowane aiki da Turanci yake, galibi suna ne kawai da shekara, don haka maɗinkin babbar riga ko mai zayyanar allo, wanda ya fi kowa sanin yadda ake jera layi da launi, yakan shiga ya fita ba tare da an yi magana da shi ba. Gidan adana kayan fasaha na Yemisi Shyllon da aka buɗe a Jami'ar Pan-Atlantic ta Legas a 2019 yana da shiri na musamman domin 'yan makaranta, kuma Zariya ta fi cancanta da irin wannan. Malama, ki roƙi a ba ku jagora mai jin Hausa, ki kuma raba wa yaran takarda da fensir su zana aiki ɗaya da ya burge su.