Hoton ƙwari da waya duk dishi-dishi yake fita, ina mafita?

Ɗan Lambu:
Salam jama'a. Don Allah masu harkar hoto ku taimaka. Ina da ɗan lambu bayan gida, tunda damina ta zauna malam-buɗe-littafi da ƙoƙi-ƙoƙi sun cika wurin, amma duk hoton da na ɗauka sai ganye ya fito fes shi kuma ƙwaron ya fito dishi-dishi, in na matsa kusa kuma ya tashi. Waya ce kawai gareni, ba ni da kuɗin kyamara. Sannan bayan sallah muna son zuwa Yankari, wayar za ta wadatar?

Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Ƙarfe nawa kake fita tukuna? In da rana tsaka ne to nan matsalar take. Ƙwaro zafin jikinsa da rana yake tafiya, da sassafe bayan asuba in raɓa ba ta bushe ba za ka same shi ya lafe a ganye ko motsi ba ya so, iska ma a kwance take lokacin. Kuma ka daina zuƙowa da yatsu, ɓata hoto kawai yake. Matsa a hankali har wajen santimita 10, yawancin wayoyi in ka wuce haka ba sa iya kamawa, ka danna kan idon ƙwaron a fuskar wayar ka riƙe har fokas ya kulle, wato hoton ya tsaya fes a kansa, sai ka ɗauka kamar goma a jere, ɗaya zai fita. Kar inuwarka ta faɗa masa, ita ke korarsa.

Maman Ilham:
Ni dai dabarata ba na binsu, su suke zuwa. Ka bar tumfafiya ko guda ɗaya a gefen lambu kar ka sare, malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da baƙin gefe a kanta yake ƙwai, tsutsarsa ganyenta take ci, ga kuma farar tumfafiya da ba ta da saurin tashi tunda ta san ba mai cinta lol. Sai ka jiƙa ƙasa a wani lungu, za ka ga sun sauka suna tsotso, gishirin ƙasa suke nema, shi ya sa suke taruwa inda shanu suka yi fitsari. In kana feshin magani kuwa ka haƙura da hoto.

Bauchi Ɗaya:
Maganar Yankari, gaskiya waya ba za ta ba ka giwa ko gwanki yadda kake so ba, daga mota ake kallo kuma nesa suke. In dabbobi kake so ka bari sai rani lokacin da ciyawa ta bushe suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Amma wajen Wikki, ruwan ɗumin da ke cikin Yankari, za ka more, gogo da gadu har gaban masauki suke yawo. Ka riƙe jakarka da kyau, gogon can ɓarayi ne na gaske, a gabana ɗaya ya fizge ledar biredi. Kar ka sa baƙaƙen kaya ko shuɗi, tsando su yake bi.

Ɗan Lambu:
Kai na gode sosai. Wallahi ƙarfe biyu na rana nake fita ashe. Maman Ilham, tumfafiya uku na sare satin da ya wuce, saura ɗaya jikin katanga.