Neman shawara: Ina son zuwa hutu yankin inabi na Italiya, amma ba na shan giya

Mai tambaya (a sakaya sunana)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, yawancin aikina na dare ne. Tun rasuwar mahaifiyata bara na rasa gane kaina. Barci ba ya isata, abinci kuwa a tsaye nake tura shi, wani lokaci a cikin mota, ko ɗanɗanonsa ba na ji. Wata abokiyar aikina Baturiya ta lura da halin da nake ciki, ta ce in bi su wata tafiya zuwa yankin Piyemonte a arewacin Italiya cikin watan Oktoba. Ta ce zama ake yi a ƙauye, a ci abincin manoma a tsanake, a zaga gonakin inabi. Ita ma can ta je bayan mutuwar aurenta, ta dawo da hankalinta a kwance. Da na duba tsarin tafiyar sai na ga kusan kullum akwai zaman ɗanɗana giya. Ni Musulma ce. Amma wallahi raina yana son irin wannan hutun. Maigidana ya ce zai raka ni in har na samo hanyar da ba ta da illa. Don Allah wanda ya san wurin ya faɗa mini: akwai abin da zai rage wa wanda ba ya sha, ko in haƙura?

Baban Ummi, Turin

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta. A Turin nake zaune da iyalina, yankin da kike magana bai wuce tafiyar awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa daga nan ba. Shawarata, ki je, amma kada ki bi ayarinsu. Irin wannan tafiya ta rukuni a kan giya aka gina ta, kuɗin da za ki biya ma rabinsa nata ne, kuma za ki wuni kina cewa a'a, wanda shi kansa gajiya ne.

Ku shirya taku ke da maigida. Tuddan inabin yankin ana kiransu Langhe, UNESCO ta sa gonakin inabinsu cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ƙauyukan da ke kewaye da ƙauyen Barolo su ne cibiyar giya, masaukai da yawa a can na masu yin ta ne. Amma in kuka haura sama, wajen Cortemilia da Murazzano, sai gonakin inabi su ragu. Can noman 'ya'yan itacen da ake haɗa Nutella da su ake yi, da kiwon tumaki da yin cuku. Ku nemi abin da suke kira agriturismo, wato gidan gona mai saukar baƙi, ku zaɓi wanda ke da ɗan kicin. Ku zauna wuri ɗaya, kada ku yi ta sauya masauki. Da sassafe hazo yakan kwanta a kwari, sai kan tuddai kaɗai ake gani, ganyen inabi kuma duk ya koma ja da rawaya. Hanyoyin ƙafa suna ko'ina tsakanin ƙauyuka, ba mai tambayarki kuɗi.

Malam Abu Hafsa

Allah Ya gafarta wa mahaifiyarki. Tambayar da kika yi kafin ki tafi alama ce ta alheri. Inabi halal ne, kallon gonarsa da cin 'ya'yansa ba laifi. Inda matsalar take shi ne zama a teburin da ake zagayawa da giya, domin hadisi ya zo da hani a kan haka ga wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira, ko da shi ba ya sha. Saboda haka maganar Baban Ummi ita ce daidai. Kuma ke matafiya ce, kina da sauƙin yin ƙasaru.

Maman Iman

Ƙanwata, ni harkar noma na karanta, kuma na taɓa halartar taron Terra Madre a Turin, wanda ke tara ƙananan manoma da makiyaya da masunta daga ko'ina a duniya tun 2004. Abin da ƙawarki ta dandana yana da tushe. A garin Bra na wannan yankin Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar Slow Food, wato cin abinci a natse, bayan boren da aka yi a 1986 kan buɗe gidan abincin gaggawa na McDonald's kusa da dandalin Piazza di Spagna a birnin Rum. A 1989 aka sa hannu a takardar manufofinta a Faris, tambarinta kuwa dodon koɗi ne. Abin da suke kira gare shi shi ne abinci mai daɗi, mai tsafta ga ƙasa, wanda manominsa bai cutu ba. Gaskiya ne giya tana cikin al'adarsu sosai, ba zan ɓoye miki ba. Amma mutumin da aka zaɓa ya gaji Petrini a 2022, Edward Mukiibi, masanin noma ne ɗan Yuganda, aikinsa lambunan makarantu da irin shuka na gargajiya. Ki leƙa Pollenzo kusa da Bra, inda jami'arsu ta nazarin abinci take. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne zama da mai yin cuku, yana nuna maka dabbar da aka tatsa da ciyawar da ta ci, sa'annan ya yanko maka. Wanda ya saba ci a tsaye, ranar zai san abin da ya rasa.

Hajiya Inna

'Yata, ni ban san Italiya ba, amma na san maraici. Anya ba gida zuciyarki ke nema ba? Ki zo ki zauna cikin 'yan'uwan mahaifiyarki, a tuƙa miki tuwon dawa da miyar kuka, ku sa hannu a kwano ɗaya, ku yi hirarta, ki ziyarci kabarin da addu'a daga inda ya dace. Cin abinci a natse ai ba sai an hau jirgi zuwa wurin Turawa ba.

Anti Nas

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai mu da ke wannan aikin mun san zuwa gida ba hutu ba ne. Gaisuwa, tsaraba, masu zuwa da takardun asibiti a duba musu, ka dawo ka fi da gajiya. Ta je gida, amma ta fara samun inda ba wanda ya san ita nas ce. Sai kuma abu ɗaya, ƙawata: rashin barci da rashin jin daɗin abinci na tsawon watanni bayan rasuwa ba abin rainawa ba ne. Ki ga likitanki kafin tafiyar, ki kuma nemi a rage miki aikin dare. Mako guda a kan tudu ba zai gyara abin da jadawalin aiki ke ɓatawa kowane wata ba.

Baban Ummi, Turin

Na manta batun ci, kuma shi ne wurin da ake zamewa. Giya da alade suna ɓuya a girkinsu. Brasato naman sa ne da aka dafa cikin giyar Barolo. Shinkafarsu risotto yawanci ana zuba mata farar giya. Agnolotti, taliyar da ake cusa wa nama, sau da yawa akwai alade a ciki, tsiran Bra ma na maraƙi ne amma ana haɗa shi da kitsen alade. Kayan zaƙi irin bonet da zabaione akwai barasa. Har burodi ki tambaya ko an sa strutto, kitsen alade ke nan. Ki riƙe kalmomi biyu: senza vino, ba giya, senza maiale, ba alade. Ba sa jin haushin tambaya.

Abin da za ki ci kuwa yana da yawa. Tajarin, siririyar taliya da ake murzawa da gwaiduwar ƙwai zalla, ki ce a sa miki man shanu kawai. Bagna cauda, miyar tafarnuwa da man zaitun da ƙananan kifi masu gishiri, ana ajiye ta a kan wuta a tsakiya kowa yana tsoma kayan lambu, zama ne na awanni. Oktoba kuma lokacin kasuwar tartufo ce a Alba, wani irin naman kaza fari da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, karnuka ke shinshino shi. Kilo ɗaya dubban yuro ne, amma ɗan abin da aka kankare a kan ƙwai ya isa. Nama kuwa ku saya a kasuwar Porta Palazzo ta Turin kafin ku wuce, mahauta 'yan Maroko suna nan da yankan halal. Ki lura, gidajen abinci a ƙauye suna rufewa bayan ƙarfe biyu da rabi sai dare.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa maigida duka. Mun tsayar za mu je mu biyu, wajen Murazzano, zan kuma yi wa ƙawata bayani da kyau don kada ta ji ba daɗi. Hajiya, maganarki ta sa ni kuka, in sha Allahu da ƙaramar salla ina gida. Anti, na nemi ganin likita. Saura biza, fasfo ɗin Najeriya ne da mu.

Anti Nas

Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, za ku nema ta ofishin Italiya, zaman Ingila ba ya ɗauke muku ita. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ku kama layi yanzu, wuri yana wuya lokacin bazara.