Me zai hana a riƙa karrama ginin da ya fi kyau a Katsina?

Ɗan Rafukka:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana gini da ke nan. Kusan kowace shekara ana raba lambar yabo a garin nan, ta ɗan siyasa, ta ɗan kasuwa, ta mawaƙi, har ta ɗan ƙwallo. Me zai hana a ware guda domin gini? A duba gidan da aka gina da kyau, ko tsohon ginin da aka gyara ba a ɓata masa kama ba, a kira mai gidan da magininsa a karrama su a bainar jama'a.

A layinmu akwai wani dattijo da ya gaji soro daga kakansa. Bara damina ta ci gefen katangar, 'ya'yansa suka ce a rushe a sa bulo. Baba ya ce ba da shi ba. Ya nemo magini daga ƙauye, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa aka bar ta ta tsumu, aka mulmula tubali, aka ɗaga wurin. An sauya azarar da ta lanƙwashe, an mayar da zankwayen yadda suke tun fil azal. Yanzu ko da azahar ɗin bazara ka shiga zauren, ba za ka nemi fanka ba. Amma abin da maƙwabta ke faɗa shi ne rowa ce ta hana shi sayen siminti. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Mu da muke da Hasumiyar Gobarau da Gidan Korau, da tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a ɗakunan ƙasa, mu ne yau muke ɗaukar ginin ƙasa abin kunya?

Maizanen Gidaje:

Wa alaikumus salam Malam. An taɓa yi, kuma Bahaushe aka ba. A 1986 masallacin Juma'a na garin Yaama, a jihar Tawa ta Nijar, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Wanda ya gina shi, Falke Barmu, magini ne na gargajiya, da ƙasa da itace ya fara aikin a 1962, mutanen gari suna taya shi. Kafin shi, masallacin Niono na Mali ya samu a 1983, shi ma na ƙasa. A 2022 kuma Francis Kere ɗan Burkina Faso ya ci kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni, alhali sunansa ya fara fitowa ne da makarantar firamare ta tubalin ƙasa da ya gina a ƙauyensu, Gando.

Abin da nake so mu ɗauka daga tsarin Aga Khan shi ne ba sa duba gini sai an shekara ana amfani da shi, kuma suna tura mutum ya je ya gani da idonsa. A nan ni sai in ce damina biyu. Ginin da aka gama fenti jiya kowa zai ce ma sha Allah.

Jikan Magini:

Ranku ya daɗe, ba na ƙin shawarar, amma takardar yabo ba ta sayen azara. Mahaifina da kakana da wannan sana'a suka ci da mu, ni kuwa bulo nake ɗorawa, don shi ake kira na in yi. Giginya ta yi ƙaranci, azara mai kyau wadda gara ba ta ci sai an nemo ta daga nesa. Makuba, wadda ake sawa a yaɓe don ya jure ruwa, daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, yanzu wa zai tsaya ya jiƙa? Katsi, wato guggubin rini da ake haɗa laso (simintin gargajiya) da shi, daga karofi yake fitowa, marina kuwa sun ragu. Kuma ginin ƙasa yaɓe yake so a kan kari, ka yi sakaci indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwana a kan rufi, shi ke nan ɗaki ya tafi.

In za a yi, a sa Sarkin Magina cikin alƙalai. Shi ne zai ɗaga kai ya dubi bakan gizo, wato lanƙwasar da ke riƙe da rufin soro, ya san ko hannun gwani ne. Sannan kyautar ta zo da kuɗin da maginin zai riƙe yara biyu ko uku ya koya musu. Masu iya ɗaurin guga, wato rufin da ake haɗa bakan gizo a tsakiyar ɗaki, waɗanda na sani duk sun manyanta.

'Yar Kusugu:

Daga Daura nake bin ku. Tsorona ɗaya, kada ta koma ta masu hannu da shuni, wanda ya fi liƙa tayil da gilashi shi ya ɗauka. Kuma don Allah kar a tsaya a birnin Katsina kaɗai. Akwai zaurukan tsohon garin Daura da mata ke sharewa suna shafe su, ba wanda ya taɓa ce musu sannu.

Ɗan Rafukka:

Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki gaskiya ce, shi ya sa nake ganin a raba ta: ta gyaran tsohon gini daban, ta sabon ginin da ya dace da zafinmu daban, ko da na siminti ne, muddin iska na ratsa shi. Sunan magini kuma ya zo gaban na mai gida.

Jikan Magini, da kai zan fara. Ba sai mun jira gwamnati ba. Ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a Ƙofar Soro, mu bi ta Gobarau mu shiga unguwanni, ka nuna mana sorayen da ka san aikin gwani ne, mu nemi izinin masu su mu ɗauki hoto, mu rubuta sunan wanda ya gina in ana tunawa. Baban layinmu ya riga ya ce a zo, zaurensa a buɗe yake.