Ta yaya zan zaɓi alamomin shafuka da dama in goge su ta amfani da manhajar karanta allo?

Assalamu alaikum. Ba na gani, don haka da manhajar NVDA, mai karanta mini abin da ke kan allo, nake sarrafa kwamfutata mai Windows, burauzata kuwa Chrome ce. Alamomin shafukan da na adana sun taru sun yi yawa, wasunsu sun maimaitu, wasu kuma shafukansu sun daina buɗewa, ina so in rage su.

Idan na danna Ctrl+Shift+O wurin sarrafa alamomin yana buɗewa, kuma bayan na koma yanayin shigar da rubutu da Insert+Space ina iya bin jerin da kibiyar ƙasa, in goge alama ɗaya da Delete. Matsalar tana tasowa ne idan na so haɗa da yawa. Shift da kibiyar ƙasa yana zaɓar waɗanda ke jere da juna ne kawai, alhali waɗanda nake son cirewa a warwatse suke, kuma da zarar na matsa gaba da kibiya sai zaɓin farko ya warware. Sau ɗaya ma, saboda ban tantance ko ina ɓangaren folda-folda ne ko cikin jerin alamomin ba, na goge folda sukutum, Ctrl+Z ne ya dawo mini da ita. Tun daga ranar nake tsoron maɓallin Delete.

Waɗanne maɓallai zan danna in zaɓi alamomin da ba sa jere, har in ji manhajar ta tabbatar mini da abin da na zaɓa kafin in goge? Na gode.