Layin E1 tsakanin na'urorin PBX biyu yana yanke kira

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin wayar ofis, don Allah a taimaka mini.

Na haɗa na'urorin PBX biyu (na'urorin da ke rarraba kiran waya a cikin ofis), ɗaya a babban ofis ɗaya a sito, ta layin E1 (layin waya na dijital mai ɗaukar kira da yawa lokaci guda) da ka'idar QSIG (wadda na'urorin PBX ke musayar siginar kira da ita). Kamfanonin da suka ƙera su daban-daban ne. Duka ɓangarorin na saita su a kan HDB3 (tsarin tura bayanai a kan layin) da CRC4 (tsarin gano kuskure), sigina kuma na bi ta gurbi na 16 na layin kamar yadda aka saba. Ta babban ofis ce ke ba da agogo (siginar da ke daidaita lokacin layin), ta sito na karɓa.

Fitilar katin E1 ɗin kore ce, kira na shiga. Amma ana tsaka da magana sai a ji ƙaras-ƙaras, can kuma tashar sigina ta faɗi, duk kiran da ke kan layin ya yanke lokaci guda. Na canza kebul, abin bai sauya ba.

Zargina ya fi karkata ga agogo, domin ita ta babban ofis tana da wani E1 daga kamfanin waya. Daga can ya kamata ta ɗauki agogo sannan ta miƙa wa sito? Ko bambancin QSIG na ECMA da na ISO (hukumomi biyu masu tsara ka'idoji) zai iya jawo wannan? Ma'aikatan sito sun koma wayar hannu, abin ya dame ni ƙwarai.