Neman shawara: wane gilashi za a dasa wa Baba a aikin yanar ido?

'Yar Badagry: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina ne, shekararsa 67, a Badagry muke zaune, sarin kwakwa yake yi yana turawa Arewa. Yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagu ma ya fara hazo. Likita ya ce za a cire yanar a dasa ɗan gilashin roba a cikin idon, kuma nan zai zauna muddin rai. Ya ba mu zaɓi biyu: monofokal, mai gyara ganin nesa kawai, sai mutum ya sa tabarau in zai yi karatu, ko maltifokal, mai haɗa nesa da kusa, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Baba cewa ya yi, "In dai zan karanta Alƙur'anina ba tabarau, ko nawa ne a biya." Mun kuwa haɗa kuɗin ni da ƙannena. Abin da ke hana ni barci shi ne, tun duhun asuba yake shiga kwale-kwale ya tsallaka ƙetare gonakin kwakwa, da rana kuma ƙyallin ruwa yana kashe masa ido har sai ya ja hularsa ya rufe goshi. Yana da ciwon suga. Kawunmu kuma ya dage wai roba ruɓewa take yi a ido. Don Allah ku ba ni shawara.

Direba daga Apapa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ni maltifokal aka sa min. Da rana alhamdu lillahi, saƙon waya ma ina karantawa ba tabarau. Amma da dare duk fitilar motar da ta tunkaro ni sai in ga zobba-zobba sun kewaye ta. Abin ya ragu bayan wasu watanni, bai dai tafi duka ba, dole na rage tuƙin dare. Mai hawa ruwa cikin duhu, ki yi tunani sosai.

Malamin jinya, sashen ido: 'Yar uwa, Baba direba ya faɗi gaskiya. Maltifokal raba hasken da ya shigo ido yake yi, wani kaso na nesa, wani na kusa. Shi ya sa ake samun zobba a jikin fitila, kuma bambance abu da inuwarsa a wuri mai duhu-duhu yana raguwa. Monofokal yana tara hasken wuri ɗaya, ganinsa ya fi tsabta.

Amma ni sugan nan ya fi tsaya min a rai. Ciwon suga yana taɓa jijiyoyin bayan ido, kuma idan ya taɓa, ko akwai hawan jinin ido, galibin likitoci ba sa ba da shawarar maltifokal. Ku nemi a buɗe idon da magani a duba bayansa, a auna ƙarfin gilashin da ya dace da idonsa, sugan kuma ya daidaita kafin ranar aiki. Ku tambaya ko yana da astigmatizim, wato gaban idon bai yi zagaye daidai ba. Idan yana da yawa, akwai gilashin da ake kira torik mai gyara shi, nan ne ƙarin kuɗi yake da amfani a bayyane.

A gaya wa Kawu ya kwantar da hankalinsa. Tun 1949 Harold Ridley ya fara dasa irin wannan gilashi a Landan, bayan ya lura cewa ɓaraguzan roba da suka shiga idon matuƙan jiragen yaƙi ba su haddasa kumburi ba. Ba ya ruɓewa. Abin da kan faru shi ne jakar da aka ajiye shi ciki ta yi hazo bayan watanni ko shekaru, a share da hasken leza cikin 'yan mintuna.

Hajiya daga Zangon Kwatano: Ɗiyata, nawa monofokal ne, ido biyun duka. Tabarau na cikin gafakar Alƙur'anina, in buɗe in sa, in gama in mayar. Bai taɓa zame min wahala ba. Kula ta bayan aiki ita ce babba a wurinmu mutanen bakin ruwa. Ni an hana ni barin ruwa ya shiga idon, an hana murzawa, kwanakin farko a zaune na yi salla. Ya haƙura da kwale-kwale har likita ya sallame shi, don feshin ruwan gishiri da yashin da iska ke ɗebowa ba abin wasa ba ne ga sabon aiki. Maganin ɗigawa kuwa ke za ki riƙe shi da hannunki, ki kiyaye lokutansa. In ya warke a saya masa baƙin tabarau mai tare zafin rana.

'Yar Badagry: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka bayan la'asar. Ya yi shiru, sannan ya ce ganin ruwa da asuba ya fi masa, tabarau kuma mahaifinsa ma da shi ya yi karatu. Ranar Litinin za mu koma a duba bayan idon, zan kuma tambayi maganar torik. Malam, idan an gama na dama, tsawon wane lokaci ake jira kafin a taɓa na hagu?