Golf GTI ta hannu a Katsina: daɗin tuƙi ko zaryar gareji?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Masana mota, shawara nake nema. Motoci biyu ne a ƙasa: Golf 5 GTI 'yar Kwatano, ƙirar 2007, mai giyar DSG, da kuma Golf 6 GTI ta 2011 mai giyar hannu wadda aka daɗe ana hawa a nan gida. Aikinta zirga-zirgar cikin gari ne, sai Kano ko Daura a ƙarshen mako, kuma ita kaɗai za ta zama motar gidan. Wacce ta fi, ko a haƙura a koma Toyota?

Mai Sifana:

Wa'alaikumus salam. Malam, kada Golf 3 ɗin da ke jigilar Jibiya ta ruɗe ka. Suna kawai suka haɗa.

Fara da ɗaga bonet, don injinan ba ɗaya ba ne. Golf 5 ta 2007 injin EA113 gare ta, mai tayimin bel, doki 200. Alamarsa, matatar iska a cikin murfin injin take. Golf 6 kuwa EA888 ce, mai sarƙa, kuma filtar baƙin manta a sama take, kana ganinta da ido.

Babban ciwon EA113 wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da bai wuce murfin kwalba ba, wanda ke zaune tsakanin kamshaf da famfon mai na saman inji. Goguwa yake yi a hankali har ya huje. In ya huje, bakin famfon ne zai riƙa cin kamshaf kai tsaye, mota ta rasa ƙarfi in an taka, garin ƙarfe kuma ya bi baƙin mai ya zaga inji. Ƙusoshi uku ne ke riƙe da famfon, dubawa ba ta kai awa guda ba. A ciro shi kafin a biya kuɗi. In baƙin fentin bayansa ya goge har farin ƙarfe ya fito, a sa sabo. In ya riga ya huje, a bar musu motarsu ko a zabge kuɗin kamshaf da famfo daga ciniki. Bayan nan a riƙa leƙa shi duk kilomita 20,000.

Bel kuma kada ka yarda da "an canja a waje". Ranar da ta shigo hannunka a sauya bel da tenshina (abin da ke ɗame shi) da famfon ruwa gaba ɗaya, domin in ya tsinke fistin ne zai daki bawul.

Ita Golf 6 ta 2011 tenshinar sarƙarta ce abin tsoro. Tsohon samfurin yana sakin sarƙa, yawanci lokacin tayar da mota, ta tsallake haƙori, barnar kuma iri ɗaya ce da ta tsinkewar bel. Akwai wata toshiyar roba a murfin sarƙa na ƙasa, in an cire ta ana ganin ko sabon samfuri ne. Ka je dubawa da sassafe inji na sanyi, ka hana su tayar da ita kafin ka iso. Ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa biyu ko uku ta ishe ka hujja. Gidan famfon ruwanta kuma roba ne, yana tsagewa, ka duba busasshen ruwan hoda a ƙarƙashin manifol.

Rewaya Sabon Layi:

Oga Mai Sifana ya gama da inji, bari in taɓa giya. DSG ba otomatik ɗin da muka saba ba ce. Giyar hannu ce mai kuloci biyu a cikin mai, kwamfuta ke canja ta. Tana da manta na musamman, wajen lita 5 a kowane juye, tare da filta, duk kilomita 60,000, kuma ana daidaita ma'auninsa ne man yana tsakanin digiri 35 zuwa 45. Wanda ya ɗura mata jan man giyar Camry ya fara haƙa mata kabari. Gwajinta ba a zagaye ɗaya ake yi ba. A hau ta minti 30 har ta yi zafi, a tsaya a tashi sau da yawa, a sa ribas. In tana fizga, ko tana jinkiri kafin ta ɗauka, ko haruffan giya na ƙyaftawa a dashbod, kwakwalwar giyar ce, kuma sai dai a yi aike Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, wadda za a kawo ma ta hannu ce.

Ni a wajena wadda ta zauna a gida ta fi ban tsoro, duk da giyar hannun. Duba ko an cire tamostat, ko an haɗa fanka kai tsaye da makulli, ko ruwan leda ne a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji na G12. Duk wanda ka gani a cikin ukun nan, ka san hannun da ta bi. Kuma a sa mata na'urar da ke karanta Volkswagen sosai, irin VCDS, ba ƙaramar nan ta waya ba.

Alhaji Na-Daura:

Ranku ya daɗe, kun tsorata yaron, ba ku faɗa masa abin da ya sa ake sonta ba. Turbo na kawo cikakken ƙarfinta tun inji na juyi 1,800 a minti, wato in ka biyo tirela bayan Kankiya ba sai ka sauko giya biyu ba, taɓa totur kawai. A kwana kuma tana manne da kwalta. Wannan gaskiya ne, kuma babu Corolla da za ta ba shi.

Sai dai ƙasarmu na karɓar harajinta. Ta fi Golf ta gama-gari kusa da ƙasa, don haka tudun rage gudu sai a karkace. In taya 225/40 R18 ce a kanta, a mayar da ita 225/45 R17, rami ɗaya ke lanƙwasa rim 18. Mai kuma Golf 5 ta fi son mai ingancin octane 98, tana haƙuri da 95, mu kuwa kala ɗaya ake sayarwa a gidan mai. Kwamfutar motar kan rage ƙarfi don kare inji, shi ya sa a zafin Afrilu da rana tsaka za ka ji ta yi sanyin jiki. Man 'yan bunburutu kam ko da wasa. Baƙin mai 5W-40 mai lambar VW 502 00, lita huɗu da rabi da ɗan ɗori, juye duk kilomita 7,000 saboda ƙura, matatar iska kuma a duba ta kowane wata da hunturu. A ajiye kwayil ɗin ba fulogi wuta guda biyu a but, suna mutuwa ba sallama, amma canjin minti biyar ne.

Mai Sifana:

Alhaji ya yi gaskiya, amma a lura da abin da mai tambaya ya ce: ita kaɗai ce motar gida. GTI tana iya kwana biyar a gareji ba don gyaran ya gagara ba, sai don jiran kaya. In akwai wata motar a gida, ɗauki Golf 6 ɗin, a sauya tenshina a makon farko.

In babu, nemi Toyota Matrix XRS ko Pontiac Vibe GT na 2003 zuwa 2006. Injin 2ZZ ne da aka ƙera tare da Yamaha, ba turbo, sarƙa gare shi, giyar hannu shida. Kayan ƙafa yawanci na Matrix ne, ana samu a gari. A ƙasa lagwani ne, sai ya haura juyi 6,000 yake buɗe wuta, don haka daɗinsa na mai son wasa da giya ne. Ka tabbatar VVTL-i ne a rubuce a murfin, da harafin L, domin ana sauke shi a ɗora 1ZZ na Corolla a bar tambarin XRS a baya. Bari inji ya yi zafi, ka ja ta a giya ta biyu har ta wuce 6,000 sosai. In ba ka ji ta sake zabura ba, ko ƙusoshin lift, wato tsarin da ke kawo zaburar, sun karye, ko ba injin ba ne.